Daga Adawlato Zuwa Tsohon Zongo: Wa Ya Cancanci Mutum-mutumi?

Duk baƙon da ya sauka Lome, in dai Bahaushe ne, ko bai tambaya ba za a nuna masa hanyar Adawlato. Nan ce cibiyar gari, nan babbar kasuwa take, wadda masu gari suke kira Asigame da harshensu. Tun da hantsi titunan da ke kewaye da ita sun cika maƙil: masu atamfa, masu takalma, masu canjin kuɗi, 'yan dako da kaya a ka, ga 'yan zemijan suna kutsawa da babura kamar ba su san akwai mutuwa ba. Gobarar da ta tashi cikin watan Janairu na 2013 ta cinye babban benen kasuwar, ta karya mata da yawa waɗanda suka gaji sana'ar atamfa daga iyayensu, su Nana Benz, amma ciniki bai mutu ba, sai ya malala cikin lunguna. In mutum ya kasa kunne zai ji Mina da Faransanci da Yarabanci da Zabarmanci da Kotokoli, kuma da wuya ya yi taku goma bai ji Hausa ba.

Hausar nan ba baƙuwa ba ce a wurin. Lome gari ne na jiya-jiya idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Wajen 1880 ya fara tashi, lokacin da 'yan kasuwa suka tsallako daga yankin da Ingilishi ke mulki don gudun kuɗin kwastan, kuma ba a daɗe ba fatake Hausawa suka biyo hanya daga Salaga suka sauke kayansu kusa da kasuwa. Watau kakanninmu sun ga Lome tun tana 'yan rumfuna a bakin teku, tun kafin Jamusawa su mai da ita hedkwatarsu a 1897.

Abin da ya sa na ɗauko zancen daga nan shi ne wata gardama da ta ƙi ƙarewa a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa. A 'yan shekarun nan ba a daɗewa sai an ji an sauke mutum-mutumin wani babban mutum a wata ƙasa. A 2015 ɗaliban jami'ar Cape Town suka sa aka ɗauke na Cecil Rhodes. A 2018 aka cire na Gandhi daga jami'ar Legon ta Gana, saboda maganganun raini da ya rubuta a kan baƙar fata lokacin yana zaune a Afirka ta Kudu. A 2020 mutanen Bristol ta Ingila suka jefa na wani attajiri mai fataucin bayi, Edward Colston, cikin ruwa. Ko a Yamai, cikin watan Oktoba na 2024, an cire sunan Janar de Gaulle daga wani babban titi aka sa na Djibo Bakary. Wasu abokan aikina suna cewa wanda ya yi aikin kirki a girmama shi ko da yana da laifi, tun da mutum tara yake bai cika goma ba. Wasu kuma suna cewa ba a ɗora mai jini a hannu bisa dandamali yara suna ɗaga kai suna kallonsa. Ni kuwa na ga ba sai mun je Ingila neman misali ba, garinmu ya ishe mu. Saboda haka cikin hutun nan na ware yini guda na taka da ƙafa, daga Adawlato har inda tsohon Zongo yake a da.

Da fita daga kasuwa, abin da ido zai fara cin karo da shi ita ce babbar majami'ar Katolika mai hasumiya biyu, wadda Jamusawa suka gama a 1902. Daga nan in ka gangara bakin teku za ka hango ragowar ƙarafan tsohuwar gadar sauke kayan jirgin ruwa, tsatsa ta cinye su. Ka bi gaɓa ka yi yamma, sai ga fadar gwamna da aka gama a 1905. Dattawa da yawa a garin nan in suna yabon abu mai ƙwari sai su ce aikin Jamus ne. Amma kuma kakannin waɗannan dattawa su suka sha bulala ashirin da biyar, wadda ita ce hukuncin da aka fi sanin mulkin Jamus da shi a Togo, su suka ɗauki kaya a ka, su suka yi aikin hanya da na dogo bisa tilas. A 1984 aka gina abin tunawa a Baguida, gabas da Lome, don cikar shekara 100 da yarjejeniyar da Gustav Nachtigal ya ƙulla a 1884. Abin mamaki, a watan Disamba na 2022 mutanen Balin da kansu suka cire sunan Nachtigal daga wani dandali na garinsu, suka sa na Manga Bell, sarkin Duwala wanda Jamusawa suka rataye a 1914. Fadar gwamna dai an gyara ta a 2019 ta zama gidan nuna zane-zane da kayan fasaha, kowa na iya shiga. Wannan ya yi mini daidai, domin gini yana da amfani ko wa ya gina shi, ana iya sake masa aiki. Mutum-mutumi kuwa aikinsa ɗaya ne tak.

Inda zance yake shi ne Dandalin 'Yancin Kai, kaɗan arewa da fadar. A tsakiyarsa akwai abin tunawa da aka kafa don ranar 27 ga Afrilu 1960. Wani Bafaranshe mai zanen gini, Georges Coustère, shi ya tsara shi, tare da Paul Ahyi, ɗan ƙasa wanda ya zana tutar Togo. Siffar mutum ce aka huda cikin ƙaton bango, ya ɗaga hannuwa sama yana tsinka sarƙa, a gabansa kuma ga mace riƙe da kasko. Mutumin ba shi da fuska, ba shi da suna, ba za ka ce ɗan kudu ne ko ɗan arewa ba. Juyin mulki ya zo ya wuce, zanga-zanga ta zo ta wuce, shekara sittin da 'yan kai ke nan yana tsaye.

A gefen dandalin akwai babban zauren taro wanda a da ake kira gidan jam'iyyar RPT, jam'iyya ɗaya tilo ta wancan zamani. A gabansa ne mutum-mutumin Janar Gnassingbé Eyadéma ya tsaya, ƙato na tagulla, aikin masu sassaƙa na Koriya ta Arewa. Waɗanda suke tsarana sun san shi. Muna 'yan firamare a kan jera mu bakin titi cikin rana mu yi tafi in shugaba zai wuce, masu rawa da waƙar yabo sanye da atamfa mai hotonsa. A Hausa kalmar mutum-mutumi ita ce dai ake kiran abin nan da manomi yake kafawa a gona, ya sa masa tsumma da malfa don tsuntsaye su ji tsoro. Da ina yaro ban ga bambanci sosai tsakanin su biyun ba, kuma na lura manya ma sukan rage murya in sun zo wucewa ta wurin.

Ranar 5 ga Oktoba 1990 tarzoma ta ɓarke a Lome. Cikin watan Afrilu na 1991 wasu samari suka yi yunƙurin kayar da mutum-mutumin, sojoji suka harbe biyu daga cikinsu. Ba a yi mako guda ba, ranar 11 ga watan, aka tsamo gawa 28 daga tafkin Be. A cikin shekarar nan aka yi babban taron ƙasa, aka kuma sauke mutum-mutumin. Mai shi dai bai sauka ba, ya ci gaba da mulki har Allah ya karɓi ransa ranar 5 ga Fabrairu 2005, bayan shekara 38, ɗansa ya gaje shi. Na tsaya a wurin na daɗe ina kallon motoci na wucewa. 'Ya'yan mutane biyu sun rasa ransu a kan tagulla, kuma ban ga wani abu a wurin da zai gaya wa ɗalibina haka ba.

To amma fa gaskiya ɗaya ce, in za a faɗa a faɗe ta duka. A zamanin Eyadéma aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, wadda har yau da ita Nijar da Burkina Faso da Mali suke shigo da kaya, kuma direbobinmu da 'yan kamasho na Zongo da ita suke ci. Shi da Janar Yakubu Gowon suka yi ta zirga-zirga har aka kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975. A shekarar nan kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki tsakanin Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik, aka sa mata sunan Lome. Bayan haɗarin jirgin sama da ya tsira daga gare shi a Sarakawa ranar 24 ga Janairu 1974, ya ƙwace kamfanin haƙar fosfat daga hannun Faransawa ya mai da shi na ƙasa. Wanda ya je arewa zai tarar da mutum-mutuminsa a Sarakawa kusa da tarkacen jirgin, kuma zai sami mutanen da in ka zage shi ka zagi ubansu, domin a ganinsu shi ya kai musu hanya da makaranta da asibiti bayan Turawa sun mai da yankinsu wurin ɗebo 'yan ƙwadago kawai.

Idan aka juya ga Sylvanus Olympio ma haka abin yake. Shi ya jagoranci neman 'yanci, ya ci zaɓen 1958, mutum ne mai ilimi mai tsimin kuɗin gwamnati. An kashe shi da asubahin 13 ga Janairu 1963 a ƙofar ofishin jakadancin Amurka na lokacin, ba nisa da gidansa, aka kai gawarsa Agoué cikin ƙasar Benin aka binne. Eyadéma, yana saja a lokacin, ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa shi ya harba, daga baya ya janye maganar. Yau babban asibitin Tokoin yana ɗauke da sunan Olympio, kuma ya cancanta. Sai dai a zaɓen 1961 an hana 'yan adawa tsayawa, jam'iyyarsa ta kwashe kujeru duka, wasu abokan hamayyarsa suka shiga kurkuku, wasu suka gudu ƙasashen maƙwabta. Hukumar gaskiya da sulhu da Bishop Nicodème Barrigah ya shugabanta, wadda ta miƙa rahotonta a 2012, daga 1958 ta fara lissafin ta'asar siyasa, ba daga 1963 ba. Mai karatu ya lura da wannan.

Wani abin da tafiyar ƙafa ta nuna mini shi ne a Lome ba sai da tagulla ake kafa mutum-mutumi ba, da kwanan wata ma ana yi. Otal mafi tsawo a gari sunansa 2 ga Fabrairu, ranar da Eyadéma ya dawo Lome bayan haɗarin Sarakawa. Babban titin da ya zagaye tsohon gari sunansa 13 ga Janairu, ranar da aka kashe Olympio a 1963, kuma ranar da Eyadéma ya karɓi mulki a 1967. Akwai kuma titin 24 ga Janairu, don tunawa da haɗarin jirgin. Abin da ba kowa ya sani ba, ranar 24 ga Janairu 1933 ce matan kasuwar Lome suka tashi suka yi wa gwamnan Faransa bore a kan haraji, suka tilasta aka saki shugabannin jama'a biyu da aka kama. Da za a ce mini in zaɓa, sunan titin ba sai an sake shi ba, shekarar kawai za a ƙara a gindin allon.

Da azahar na koma wajen kasuwa na yi salla, na zauna a rumfar wani dattijo abokin mahaifina mai sayar da hula da tasbaha, na ba shi labarin abin da ya fito da ni. Ya yi dariya ya ce, “Malam, kai da karatunka har ka ɓata takalmi a kan gunki? Mu ina ruwanmu? Wannan rigimar masu gari ce.” Na ce, “Baba, ai mu ma masu gari ne, tun da a nan aka binne cibiyarmu.” Ya ce, “To ko waliyyi ne ba a yi masa gunki, balle soja.”

Maganarsa tana da tushe. Malamanmu sun karantar da mu cewa gumakan da mutanen Annabi Nuhu suka bauta wa, asalinsu sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka sassaƙa siffarsu don tunawa, da zamani ya yi nisa aka manta dalili aka shiga bauta. Watau a wurinmu matsalar ba ta tsaya ga laifin wanda aka sassaƙa ba, ɗaukakawar ce kanta abin tsoro. Shi ya sa in ka je Sakkwato hubbaren Shehu za ka ziyarta, ba za ka ga siffarsa a shataletale ba.

Amma ban yarda mun tsira daga tambayar ba. Mu namu mutum-mutumin da baki muke gina shi, da kirari da waƙa da sunan da muke raɗa wa 'ya'yanmu, kuma irin wannan ya fi na tagulla wuyar saukewa. Ku duba Janar Murtala Muhammad, Allah ya jiƙansa. A Zongo akwai Murtala da yawa waɗanda don shi aka sa musu sunan. Hotonsa na kan takardar Naira 20, babban filin jirgin sama na Legas da babban asibiti a Kano suna ɗauke da sunansa, kuma wata shida da ya yi yana mulki kafin a kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976 har yau ana misali da su. Amma mutanen Asaba abin da suke tunawa shi ne watan Oktoba na 1967, lokacin da sojojin runduna ta biyu, wadda yake jagoranta, suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a garinsu. A zaurukanmu ba a cika kawo wannan ba. Mu dawo gida kuma. Salagar da kakanninmu suka fito ba goro kaɗai ake sayarwa a kasuwarta ba, har da bayi, kuma fatakenmu sun saya sun sayar. Rundunar 'yan sanda da Jamusawa suka kafa a Togo a 1885, da Hausawa aka fara ta. Wannan bulala ashirin da biyar da na ambata ɗazu, wani lokaci hannun da ya riƙe ta da Hausa yake ƙirgawa. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Ga inda na tsaya, kuma abin da zan gaya wa abokan aikina ke nan in an koma makaranta. Mai rai, balle mai riƙe da mulki, bai kamata a yi masa mutum-mutumi ba ko da ya haƙa wa kowane gida rijiya. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Maƙwabtanmu na Gana sun sake koyon wannan darasi kwanan baya: a watan Nuwamba na 2024 Shugaba Akufo-Addo ya buɗe mutum-mutumin kansa a Sekondi, a watan Janairu na 2025, kwanaki kaɗan da saukarsa, aka wayi gari an farfasa shi. Wanda ya mutu kuwa, ya bar alheri ya bar ɓarna, ban ga amfanin a narkar da siffarsa a yi kamar ba a taɓa yinsa ba, ban kuma ga dalilin a bar shi can sama ana kai masa furanni ba. Gana ɗin dai ita ta nuna hanya. Kwame Nkrumah ya kai ƙasarsa ga 'yanci a 1957, shi ne kuma ya kafa dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, wadda a ƙarƙashinta J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Da aka hamɓarar da shi a 1966 jama'a suka kayar da mutum-mutuminsa na gaban majalisa suka fille masa kai. Yau in ka je wurin da aka binne shi a Ankara, babban birnin Gana, za ka ga wannan mutum-mutumin a tsaye ba kai, ga kan a ajiye gefe guda, da bayanin abin da ya faru. Yaron da ya tsaya gabansa zai yi tambaya, malami kuwa abin da yake nema ke nan. Da an ajiye na Eyadéma haka a gidan kayan tarihi na ƙasa, wanda yake cikin wancan zauren taro, a rubuta ayyukansa a rubuta kuma abin da ya faru a watan Afrilu na 1991, da na kai ajina kowace shekara.

Da la'asar na ƙarasa inda na nufa. In ka bi titin 13 ga Janairu ta wajen arewa maso gabas, za ka iso unguwar da manyan gine-ginen bankuna suke, masu gilashi da masu gadi a ƙofa. Nan tsohon Zongo yake. An tashi Hausawa da sauran baƙi Musulmi fiye da sau ɗaya tun zamanin Jamus, amma tashin da ba a mantawa shi ne na 1977, lokacin da gwamnati ta sa katafila ta rushe unguwar baki ɗaya, aka kwashe mutane aka kai su bayan gari wajen Agoè, fiye da kilomita 10 daga kasuwar da suke neman abinci. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar Zongo a 1983, amma da Faransanci yake, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganinsa. Mahaifiyata har ta rasu in za ta yi kwatance a cikin gari da lungunan da babu su take yi. Na zagaya wurin sau biyu ban ga ko ɗan allo da ke cewa mutane sun taɓa zama a nan ba, sun yi masallatai da makarantun allo, sun yi aure sun yi suna.

Ina roƙon sarakunanmu na Zongo da limamai da ƙungiyoyin matasa su kai wannan magana gaban hukumar gari. Ba siffar kowa muke nema ba, addini ma bai bar mu ba. Allon ƙarfe ɗaya ya isa, da Faransanci da Ewe da Hausa, Hausar kuma a rubuta ta da boko da ajami. A faɗi lokacin da fatake suka zo da hanyar da suka biyo, a faɗi abin da suka yi fatauci da shi ba tare da an ɓoye bayi ba, a faɗi waɗanda suka shiga aikin ɗan sandan Jamus, a faɗi shekarar 1977 da wanda yake mulki a lokacin. Kafin nan kuma akwai aikin da ba ya bukatar izinin kowa. Waɗanda suka san tsohon Zongo da wayonsu yanzu duk sun haura sittin. Na ba ɗalibaina na aji na ƙarshe aikin hutu, kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a gidansu, ya zana taswirar lungun da suka zauna, ya rubuta sunan masallacin da suke salla da rijiyar da suke ɗiban ruwa. Malaman da ke son a haɗa hannu a wannan aiki suna iya aiko da takarda ta ofishin wannan jarida.